Yadda ake gwajin tafasar fetur, kananzir da gas a ɗakin gwaji

Ana tsakiyar bazara, rana ta take, wani kawuna da ke noman rani a yankin Bunkure ya tsayar da babur a ƙofar ɗakin gwajin makarantar da nake aiki. Ya kwance wata gorar roba da ya ɗaure a kariya, ya miƙo mini tun kafin mu gama gaisawa.

"Ɗan nan, duba mini man nan. Injin ban ruwana sai hayaƙi yake, fulogi uku na canza cikin sati biyu, kuma bakanike ya rantse injin lafiyarsa lau."

Gorar ta kumbura, man bai wuce rabinta ba, kuma da ɗuminsa kamar ruwan wankan jariri. Na ce, "Kawu, wannan ba zai gwadu ba. Abin da nake so in auna ya riga ya gudu a hanya." Ya dube ni kallon wanda ake so a yi wa wayo. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayanin da zan yi muku yanzu, domin a ƙasar nan tamu mai zafi, yawancin gwajin da ke lalacewa tun kafin a kunna wuta yake lalacewa.

Abin da ake aunawa

Ruwa abu ɗaya ne, shi ya sa yake tafasa a ma'auni ɗaya. Fetur kuwa taron dangi ne, sinadarai ɗaruruwa a cakuɗe, wasu marasa nauyi da ke tashi da ɗan ɗumi kaɗan, wasu masu nauyi da sai an gasa musu wuta. Don haka ba a tambayar a digiri nawa fetur ke tafasa, sai dai daga ina ya fara kuma a ina ya ƙare. Fetur yakan fara daga wajen digiri 30 zuwa 40 ya ƙare kusa da 200 ko sama kaɗan. Kananzir daga wajen 150 zuwa ƙasa da 300. Gas, wato dizal, daga wajen 170 ko 180 har zuwa 360 da 'yan kai.

Dabarar kowace mace ta san ta a madafi: tururi ya tashi daga tukunya, ya bugi marfi mai sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga. Mu dai muna bi da tururin ta wani bututu mai sanyi, mu tara abin da ya ɗiga a silinda mai lambobi, muna rubuta zafin da aka kai a kowane mataki. Ma'aikata suna ce masa distileshan. Ƙa'idar da ake bi ita ce ASTM D86, wadda aka fara amincewa da ita a Amurka a 1921, kuma tana da 'yan uwa biyu da kusan ba su da bambanci da ita, ISO 3405 da IP 123. Tsofaffin ma'aikata har yanzu suna ce masa gwajin Engila, da sunan Carl Engler, masanin sinadarai Bajamushe da aka san kwalbar tafasar da sunansa.

Ku lura, wannan gwaji ba na ɗanyen mai ba ne, ba kuma na baƙin mai ba. Waɗannan suna da nasu hanyoyin. Kuma ba abin da za a kwaikwaya a gida da risho da kwalbar lemo ba ne. Dafa fetur ake yi da gangan.

Kayan aiki

Kwalbar tafasa ta gilashi mai cin mililita 125, mai dogon wuya da hannu a gefe inda tururi ke fita. A Turance sunanta ya yi kama da fulas, shi ya sa ɗalibai kan yi dariya, amma ba ta haɗa komai da fulas ɗin shayi ba. Sai bututun sanyaya na ƙarfe mai tsawon milimita 560, wanda ya ratsa cikin akwatin ruwan sanyi a karkace, yana gangarowa da digiri 15. Sai silinda mai cin mililita 100 don aunawa da tarawa, da ƙarama mai cin 5 don auna ragowa. Sai murhu, na lantarki ya fi aminci, da garkuwar ƙarfe da ke kare kwalbar daga iska, da faranti mai jure zafi da ake ɗora kwalbar a kai, mai rami a tsakiya. Faɗin ramin milimita 38 ne idan fetur za a gwada, 50 idan kananzir ne ko gas.

Ma'aunin zafi iri biyu ne. Mai lamba 7C yana kaiwa digiri 300, mai lamba 8C yana kaiwa 400. Na zaiba ne, idan ya fashe guba ne, kada a share da tsintsiya ko a taɓa da hannu. Sabbin injuna suna amfani da ma'aunin lantarki. Sannan baromita don auna nauyin iska, agogo mai ƙirga daƙiƙa, takarda mai shan ruwa, tabarau na kariya, abin kashe gobara na hoda da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Sai ƙanƙara. A birni ba a ma lissafa ta cikin kayan aiki, amma a ƙauye ita ce uwar tafiya. Ni tun daren jajibere nake yin cinikinta da mai sayar da ruwan sanyi a bakin titi, in sa a kula, in lulluɓe da buhu. Idan babu ƙanƙara, babu gwajin fetur ranar, ko wane ne ya kawo man.

Fara sanin rukunin man

Ƙa'idar ta kasa mai gida huɗu, kuma rukunin shi ke faɗa maka sanyin da za ka nema da ma'aunin da za ka ɗauka. Rukuni na 1 da na 2 su ne masu ƙarewa a digiri 250 ko ƙasa, wato dangin fetur. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin tururin man, idan ya kai kilofaskal 65.5 (kilofaskal ma'aunin ƙarfin matsin iska ko tururi ne) a zafin digiri 37.8 to na 1 ne. Rukuni na 3 shi ne wanda ya fara tafasa a 100 ko ƙasa amma ya wuce 250 kafin ya ƙare. Rukuni na 4 ya fara sama da 100 ya ƙare sama da 250, nan kananzir da gas suke. Ukun farko ma'auni 7C ake sa musu, na huɗu 8C.

Shawarata daga abin da na gani: idan aka kawo maka kananzir ana zargin akwai fetur a ciki, kada ka ɗauke shi na rukuni na 4. Sanyaya shi kamar na 3. In ba haka ba ɗan fetur ɗin da kake nema zai bi iska, ka ba wa mugun mai shaidar kirki. Idan kuma fetur ne ba ka san ƙarfin tururinsa ba, bi da shi da sharuɗɗan na 1, su suka fi tsanani.

Mataki na ɗaya: ɗibar man

Nan na aika kawu ya koma. Na ba shi kwalbar gilashi mai duhu, wankakkiya busasshiya, a cikin ƙaramar kula cike da ƙanƙara. Na ce ya ɗebi man da sassafe daga jarkar da yake zuba wa injin, ya tsiyaya a hankali ta jikin kwalbar ba tare da kumfa ba, ya rufe nan take, ya mayar cikin ƙanƙara. Fetur ana so ya zauna ƙasa da digiri 10 har lokacin gwaji. Kada a cika kwalbar fal, a bar ɗan wuri a wuya, don mai sanyi idan ya ɗumama yana faɗaɗa, yana iya fasa ta. Kada kuma a bar ta rabi, sararin da ke sama shi ke shanye sinadarai marasa nauyi, da an buɗe marfi su tafi.

Ka yi tunani: man da ke fara tafasa a digiri 35, an ɗaure shi a bayan babur a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ke wuce 40. Tafasa yake yi a hankali tun a hanya.

Idan man ya iso, ɗaga shi a haske ka duba ruwa. Ɗigo a ƙasan kwalba ko hazo-hazo a jikin man alamar ruwa ce, kuma mai mai ruwa ba ya gwaduwa: zai riƙa tsalle a kwalbar tafasa, ya watsa ɗanyen mai cikin bututu, ma'auni ya riƙa rawa. Abin da ya fi shi ne a sake ɗebo wani. Idan babu hali, a zuba kimanin giram 10 na busasshen sodiyam salfet, wata hoda mai shanye ruwa, a kowane mililita 100, a girgiza kamar minti biyu yana cikin sanyi, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama. Sai a rubuta a rahoto cewa an busar da shi.

Mataki na biyu: shirya sanyi

Cika akwatin bututu da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa har su rufe bututun. Ga rukuni na 1 ana son sanyin tsakanin digiri 0 da 1, ga na 2 da na 3 tsakanin 0 da 5. Kananzir ma da ruwan ƙanƙara ake yinsa. Gas ne kaɗai ke saɓawa: yana da kakin da kan daskare a bututu mai sanyi ya rage gudu, don haka wani lokaci sai an ɗumama ruwan zuwa tsakanin 38 da 60.

Silindar tarawa ita ma ba a barin ta a zafin ɗaki idan fetur ne. Ana tsayar da ita cikin wani babban gilashi mai ruwa da aka daidaita tsakanin digiri 13 da 18, ruwan ya kai layin 100. Kwalbar tafasa da ma'aunin zafi su ma a sanyaya su zuwa wannan ma'auni. Kafin ka haɗa komai, ɗaura ƙyalle mai laushi marar gashi a igiya ko waya, ka ja shi ta cikin bututu ya kwashe ragowar man jiya. Na taɓa mantawa bayan gwajin gas, na zuba fetur, ɗigon farko ya fito da maiƙo. Aikin safiya guda ya tafi a banza.

Ni bayan sallar asuba nake farawa, kafin rana ta ɗaga. Ƙanƙara ta fi daɗewa, ɗakin ma bai yi zafi ba. A buɗe tagogi don iska ta riƙa wucewa, amma a kashe fanka, kada iska ta bugi kwalbar kai tsaye. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, saboda haka duk wani garwashi, sigari ko janareto ya yi nesa da ƙofar. Lokacin hunturu a ƙara kula, busasshiyar iskar nan tana sa tufafin roba su riƙa tartsatsi.

Mataki na uku: aunawa da haɗawa

Zuba man a silinda har ƙasan lanƙwasar samansa ya zauna daidai kan layin 100, idonka a saitin layin. Juye shi duka cikin kwalbar tafasa, ka karkatar da ita hannun yana kallon sama, don kada ko ɗigo ya shiga hannun. Yi sauri. Idan kana tsoron tsalle, jefa 'yan tsakuwoyin tafasa biyu ko uku masu tsabta. Silindar kuma kada ka wanke ta, kada ka goge ta; a jiƙe za ka kai ta bakin bututu, domin ɗan man da ya maƙale a jikinta yana cikin lissafin 100 ɗin.

Yanzu wurin da ɗalibai suka fi kuskure: zaman ma'aunin zafi. Ya tsaya a tsakiyar wuyan kwalba cak, bai jingina da gilashi ba. Tsayinsa kuma, inda kan zaibar ya ƙare siririn layin ya fara, ya zo daidai da leɓen ƙasa na cikin hannun kwalbar. Idan ya nutsa ƙasa da haka zai nuna zafi fiye da gaskiya, idan ya yi sama zai nuna ƙasa da gaskiya. Bambancin 'yan milimita yana iya sauya sakamako da digiri da yawa. Zafin tururin da ke shiga hannu ake aunawa, ba zafin man da ke ƙasa ba.

Sa hannun kwalbar cikin bututun sanyaya ya shiga milimita 25 zuwa 50, toshiyar da ke rufe mahaɗarsu ta kama gam. Kwalbar ta tsaya a miƙe, gindinta ya rufe ramin faranti ruf. A ɗaya ɓangaren, bakin bututun ya shiga silinda aƙalla milimita 25, amma kada ya sauka ƙasa da layin 100, kuma a yanzu ya tsaya a tsakiya bai taɓa jikinta ba. Yanka takarda mai shan ruwa ka rufe bakin silindar da ita, ta zagaye bututun, ka ɗora mata ɗan nauyi. Karanta baromita ka rubuta.

Mataki na huɗu: wuta da agogo

Kunna murhu, ka tayar da agogo a lokaci ɗaya. Daga nan har ƙarshe ba ka da waya, ba ka da baƙo. Gara ku zama biyu, ɗaya idonsa a silinda, ɗaya a ma'auni da biro.

Ɗigon farko ya faɗo tsakanin minti 5 da 10 ga rukunoni ukun farko, ko tsakanin 5 da 15 ga kananzir da gas. Zafin da ma'auni ya nuna a daidai lokacin da ɗigon ya bar bakin bututu, shi ne farkon tafasa. Rubuta shi, zuwa rabin digiri mafi kusa. Nan take matsar da silinda bakin bututu ya taɓa jikinta, man ya riƙa gangarowa a natse maimakon ya riƙa fantsama yana kaɗa lambar da kake karantawa.

Ga fetur, daga ɗigon farko zuwa mililita 5 a ɗauki daƙiƙa 60 zuwa 100. Daga nan kuma gudun ya zauna a mililita 4 zuwa 5 kowane minti, har kusan ƙarshe. A aikace, kowane mililita 10 ya ci minti biyu zuwa biyu da rabi. Wannan shi ne ainihin gwanintar, kuma ba a koyon ta a takarda. Yayin da marasa nauyi ke ƙarewa, man da ya rage yana buƙatar ƙarin wuta, don haka za ka riƙa murza murhu kaɗan-kaɗan, kamar mai tuyar ƙosai da ke tura itace. Murhun lantarki yana da nawa, abin da ka ƙara yanzu sai bayan kusan minti ɗaya za ka ga aikinsa. Mai gaggawa yakan ƙara, ya ga shiru, ya sake ƙarawa, sai man ya ɓalle da gudu. Idan gudu ya yi yawa, tururi na kwasar masu nauyi tun lokacinsu bai yi ba, lambobi su hau. Idan ya yi kaɗan, wuyan kwalba na mayar da su ƙasa, lambobi su sauka. Duka biyun ƙarya ce.

Rubuta zafi a mililita 5, 10, 15, 20, sannan kowane goma har 90, sai 95. Da yake 100 ka zuba, kowane mililita kashi ɗaya ne cikin ɗari.

Idan wutar lantarki ta ɗauke a tsakiya, gwajin ya mutu. Ba a ci gaba daga inda aka tsaya, ba a kuma mayar da abin da aka tara cikin kwalba. Sabon mai za a auna. Shi ya sa nake ce wa masu kawo mai su kawo aƙalla rabin lita, kuma nake fi son batirin sola a kan jiran wutar gari.

Mataki na biyar: ƙarshen tafasa

Idan saura kamar mililita 5 a kwalba, ana yi wa wuta gyaran ƙarshe. Da wuya ka iya kimanta wannan da ido, don haka duba silinda: idan ta kai 93.5, lokacin ya yi, saboda kimanin ɗaya da rabi yana kan hanya a bututu. Ƙara wuta yadda za a kai ƙarshe cikin minti 5 ko ƙasa, sannan ka cire hannunka daga murhu. Ma'auni zai yi ta hawa, ya tsaya, ya fara saukowa. Lamba mafi girma da ya taɓa ita ce ƙarshen tafasa. Kada ka kashe wuta da ganin ya tsaya sau ɗaya, wani lokaci numfashi yake yi, zai sake hawa. Jira ka ga saukarsa da idonka.

Wani abu daban shi ne ƙonewa. Idan ka ga farin hayaƙi ya turnuƙe kwalba, ma'auni yana hawa yana sauka ba tsari, man ya fara farfashewa saboda zafi, abin da kan faru wajen digiri 370. Kashe wuta, ka rubuta cewa a nan ya fara lalacewa. Wannan ba ƙarshen tafasa ba ne.

Bayan kashe wuta bar bututu ya tsane. Karanta silinda kowane minti biyu har karatu biyu a jere su zo ɗaya, wannan shi ne abin da aka tara. Idan kwalba ta huce, juye abin da ya rage a gindinta cikin ƙaramar silinda, ka bar ta a kife ta tsane, ka karanta zuwa kashi ɗaya cikin goma na mililita. Wannan ita ce ragowa. Haɗa su biyun ka cire daga 100, abin da ya fita shi ne wanda ya salwanta. Misali an tara 97.0, ragowa 1.0, to 2.0 ya bi iska. Idan salwantar ta yi yawa, kafin ka zargi mai ka zargi toshiyarka da ƙanƙararka.

Mataki na shida: gyaran nauyin iska

Wannan ne mutanenmu suka fi tsallakewa, alhali mu ya fi shafa. Ma'aunan da ke cikin ƙa'ida an tsara su ne a kan nauyin iskar bakin teku, kilofaskal 101.3. Kano tana sama da teku da kusan mita 500, nauyin iskarmu yana wajen 96. Ko ruwa a nan bai kai 100 yake tafasa ba. Saboda haka duk lambar da ka karanta ta gaza ta gaskiya, sai ka yi mata ciko da lissafin Sydney Young:

ciko = 0.0009 × (101.3 − nauyin iska) × (273 + zafin da aka karanta)

Da nauyin iska 96.0, karatun digiri 100 yana samun cikon 1.8, na 200 yana samun 2.3, na 350 kusan 3. Kamar ba komai, amma ɗauki fetur da ya ƙare a 208.5. A ido ya tsallake iyakar 210. Sa masa cikon 2.3, ya koma 211 idan aka kai shi rabin digiri mafi kusa, ya faɗi.

Gargaɗi: kada ka ɗauki nauyin iska daga manhajar hasashen yanayi a waya ko daga rahoton filin jirgi. Waɗannan an riga an mayar da su lissafin bakin teku, za su nuna maka 101 da 'yan kai ko kana kan dutsen Dala. Baromitar da ke cikin ɗakin, wadda ke nuna ainihin nauyin wurin, ita ake so.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da aka tara da abin da ya tashi. Ƙa'idojin fetur yawanci da wanda ya tashi suke magana, wato wanda aka tara haɗe da wanda ya salwanta. Idan 2.0 ya salwanta, kashi 10 da ya tashi daidai yake da kashi 8 da aka tara. A ce bayan ciko kana da 47.5 a kashi 5 da 54.5 a kashi 10. Tazarar digiri 7 ce a kan kashi biyar, kai kuma uku daga ciki kake nema, wato 4.2. Amsa 51.7, a rubuta 51.5. Ga kananzir da gas, wanda aka tara ake bayarwa kai tsaye.

Karanta abin da lambobi ke faɗa

Kashi 10 na farko a fetur shi ke tayar da inji da sanyin safiya. Idan zafin da aka karanta a nan ya yi sama, man ya kwana biyu a buɗe ko ya sha rana, mai babur zai yi ta buga kik. Idan ya yi ƙasa ainun, da rana tsaka man zai zama tururi a cikin tiyo injin ya riƙa shaƙewa. Tsakiya, wajen kashi 50, ita ke nuna yadda injin zai ɗauki wuta da jan kaya. Wutsiya kuwa, kashi 90 da ƙarshen tafasa da ragowa, nan ake kama mai laifi. Ƙa'idar Turai ta EN 228 ta tsayar da ƙarshen tafasar fetur a 210, ta Amurka D4814 a 225, dukansu kuma ragowa kada ta wuce kashi 2. Kananzir a ƙa'idar D3699, kashi 10 kada ya wuce 205, ƙarshe kada ya wuce 300. Gas a EN 590, kashi 95 ya fito kafin a wuce 360. A Najeriya hukumar SON ce ke fitar da ma'aunin ingancin mai, NMDPRA da aka kafa ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021 kuma ke sa ido a kasuwa, don haka takardarsu ta yanzu za ka ajiye a gefenka idan za ka ce mai ya ci ko ya faɗi.

Idan ka zana lambobin a takardar giraf, fetur na gari yana hawa a hankali kamar gangaren tudu. Idan layin ya kwanta ya daɗe a wuri ɗaya ƙasa da 80, akwai alamar sinadarin barasa a ciki, domin etanol a 78 yake tafasa, metanol a wajen 65. Masu motoci ba su manta da fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kananzir mai fetur. A 'yan shekarun nan kananzir ya fi fetur tsada, saboda haka mai algus ta wannan ɓangaren yake cin riba, kuma abin yana ƙarewa ne a fitilar ƙwai da rishon matan aure. Kananzir da ɗigonsa na farko ya faɗo a digiri 60 ko 80, kada a kai shi kusa da ashana. Sai dai hukuncin ƙarshe a kan wannan na wani gwajin ne daban, na zafin da tururin mai ke kama wuta, wanda ga kananzir bai kamata ya gaza digiri 38 ba. Kuma sakamakon ɗakin gwajin makaranta haske ne kawai. Idan magana za ta kai gaban hukuma, sai ɗakin gwajin da aka amince da shi.

Man kawu ya dawo washegari a cikin ƙanƙara yadda na ce. Har kashi 80 bai nuna komai ba, fetur ne sak. Daga 90 sai ma'auni ya fara tsalle, ya wuce 210 ko waiwaye babu, bai tsaya ba sai bayan 260, kuma abin da na juye daga gindin kwalba ya fi mililita uku, rawaya, mai santsi a yatsa, da warin gas. Na maimaita don in tabbata, ya sake ba ni haka. Wannan wutsiyar ba ta ƙonewa a injin fetur. Ita ke yi wa fulogi ƙanzo, ta gangara ta jikin fistin ta tsinka baƙin mai.

"Kawu, a ina kake sayen mai?"

"Wurin yaron nan mai bumburutu na bakin kasuwa. Amma yaron kirki ne, ba zai yi mini algus ba."

"Ban ce ya yi ba. Yana sayar da gas?"

Ya yi shiru, sannan ya ce masu injin niƙa a wurinsa suke saya, kuma jarkokin nasa duk iri ɗaya ne, mazurarin ma guda ɗaya ya taɓa gani. Na ce ya juye abin da ya rage a tanki, ya canza baƙin mai kafin ya sake tayar da injin, ya kuma ware jarka ɗaya ya ɗaura mata jan ƙyalle a hannu. Ya tambayi kuɗin aiki. Na ce ya biya mai ƙanƙara kawai, idan albasa ta nuna kuma a tuna da ni.